Yadda masu aikin kyandir a Turai da Amurka ke tsayar da lokaci ta hanyar wata da taurari

Shagunan da ke sayar da kayan tsafi a Landan ko New Orleans ba sa rabuwa da abu biyu: kyandirori kala-kala jere a kanta, da ɗan littafin kalanda mai ɗauke da jadawalin wata na shekara. Sayen kyandir ba ya ɗaukar minti biyar. Tsayar da ranar da za a kunna shi da sa'ar kuwa kan cinye wa mutum yamma guda da biro da takarda, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi tafka kuskure.

Aikin kyandir, wato kunna kyandir da niyyar wata buƙata ta biya, kamar yadda ake yinsa a yau ya fito ne daga gida biyu. Akwai mabiya Wicca, addinin da Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila bayan an soke dokar hana maita a 1951, waɗanda ke taruwa duk lokacin da wata ya cika. Akwai kuma Hoodoo, tsafin gargajiya na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, inda akan kunna kyandir a cikin kwalba a bar shi yana ci kwana da kwanaki. Shi lissafin lokacin ya girme su duka. Daga Babila ya bi ta Girka ya shiga hannun Larabawa, Turawa suka karɓa ta Andalus. Littafin Gayatul Hakim, wanda aka fassara daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na Goma na Kastil, a ƙasar Spain ta yau, wajen 1256, yana cikin manyan hanyoyin da ilimin ya bi ya shiga Turai. Shi ya sa wanda ya taɓa zama kusa da malaman hisabi a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunta ba idan aka ambaci taurarin Zuhal (Saturn) da Mushtari (Jupiter) da burujai goma sha biyu, wato kashi goma sha biyu da aka raba hanyar rana da wata a sama.

Magana iri biyu ce a cikin wannan bayani, kuma gara a raba su tun yanzu. Inda wata yake a sama da lokacin da rana za ta fito, wannan lissafin falaki ne, kowa ya auna abu ɗaya zai samu. Cewa matsayin wata yana sa buƙata ta biya kuwa imanin masu abin ne, kimiyya ba ta tabbatar da shi ba, Musulunci ya haramta sihiri da duba, manyan ɗarikun Kirista ma sun hana. Abin da ke tafe shi ne yadda su masu yi suke lissafinsu, mataki bayan mataki.

Da farko: jawowa ne ko korewa?

Kafin a buɗe kowane jadawali, akan rubuta buƙatar a jimla ɗaya, sannan a tantance ajinta. Neman aiki, kuɗi, soyayya, farin jini, cin jarrabawa, duk jawowa ne. Rabuwa da bashi, barin sigari, yanke hulɗa da wani, tsarkake sabon gida, korewa ne. Duk sauran lissafin a kan wannan rabon yake hawa, don haka buƙatar da ta haɗa biyun a jimla ɗaya akan raba ta gida biyu, kowane da kyandirinsa da ranarsa.

Akwai dabarar da tsofaffin hannu ke yi idan lokaci ya ƙure: sai su juya buƙatar. Mai neman kuɗi da ya tarar wata yana raguwa, maimakon ya jira mako biyu, sai ya yi aikin korar bashi da talauci.

Halin da wata yake ciki

Daga haihuwar wata zuwa ta gaba kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici. Rabin farko wata yana ƙaruwa, shi ne lokacin jawowa. Rabi na biyu yana raguwa, shi ne lokacin korewa. A cikin ƙaruwar, kwana bakwan farko na fara sabon abu ne, kwana bakwai na biyu na ƙarfafa abin da aka riga aka fara. Daren cikar wata suna ɗaukarsa mafi ƙarfi ga kowane aikin jawowa. Kwana biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da ba a ganin wata sam, wasu na keɓe su ga aikin yanke abu daga tushe, wasu kuma ba sa kunna komai.

Ana iya gane halin wata da ido ba tare da manhaja ba. Watan da aka gani a yamma bayan faɗuwar rana ƙaruwa yake. Wanda bai fito ba sai dare ya raba, ko aka gan shi siriri a gabas da asuba, raguwa yake. Cikakken wata yana fitowa daidai faɗuwar rana, daga nan kullum yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50. Littattafan Turai kan ce idan hasken yana gefen dama to ƙaruwa ce, amma wannan na arewacin duniya ne kawai. A Ostareliya abin juyawa yake, a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kuma jinjirin wata kwance yake, ba dama ba hagu. Lokacin fitowa ya fi gefen haske abin dogaro.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko, kalanda ta rubuta sabon wata sai mutum ya kunna kyandir a daren. Abin da kalanda ke nufi shi ne lokacin da wata da rana suka haɗu a digiri ɗaya, kuma a lokacin babu abin gani. Jinjirin da ake fita dubawa don tsayuwar wata sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake bayyana. Tsofaffin masana taurari na ɗaukar watan da ke cikin digiri 8 da rabi daga rana a matsayin ƙonanne, wanda ke cikin digiri 17 kuma a matsayin wanda hasken rana ya rufe. Tunda wata yana tsere wa rana da kusan digiri 12 a yini, kenan sai an ba shi kamar kwana ɗaya da rabi kafin a fara aikin jawowa.

Na biyu, cikar wata lokaci ɗaya ce mai minti, ba dare guda ba. Idan jadawali ya ce wata zai cika ƙarfe 3:00 na rana, to wanda ya jira daren ranar ya riga ya shiga raguwa, ko da ido yana ganin wata fal. Masu tsanantawa daren da ya gabata suke kunnawa. Masu sassauci kan yarda da kwana ɗaya kafin da kwana ɗaya bayan.

Na uku, manhajar waya ta nuna haske kashi 80 cikin ɗari. Wannan adadin sau biyu yake zuwa a kowane wata, sau ɗaya a hawa sau ɗaya a sauka. Sai an duba wanne ne.

Husufi a haihuwar wata ko cikarsa kaɗai yake faruwa, kuma aƙalla sau huɗu a shekara idan aka haɗa na rana da na wata. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a kauce masa. Wasu 'yan zamani na ɗaukarsa lokacin ƙarfi, amma mai bin lissafin gargajiya yana tsallake ranar.

Burujin da wata yake ciki

Wata yana zagaye burujai goma sha biyu a kwana 27 da sulusi, wato kamar digiri 13 a yini, kwana biyu da 'yan sa'o'i a kowane buruji. Burujan wuta, Hamal da Asad da Ƙaus, na aikin ƙarfin zuciya ne da gasa da abin da ake son ya tashi da sauri. Na ƙasa, Saur da Sumbula da Jadyu, na kuɗi da gida da sana'a. Na iska, Jauza da Mizan da Dalwu, na karatu da wasiƙa da yarjejeniya. Na ruwa, Saraɗan da Aƙrab da Hutu, na soyayya da iyali da mafarki. Wanda yake son abu ya daɗe yakan nemi ɗaya daga cikin tabbatattun burujai huɗu, Saur da Asad da Aƙrab da Dalwu. Saboda wannan dalilin ne ba a son su a aikin da ake fatan abu ya wuce da wuri.

Shi kansa wata yana da inda yake da ƙarfi. Saraɗan gidansa ne, a Saur yake ɗaukaka, a Aƙrab yake faɗuwa, a Jadyu yake rauni. Akwai kuma wani yanki daga digiri 15 na Mizan zuwa digiri 15 na Aƙrab da ake kira ƙonanniyar hanya, masu bin tsohon tsari ba sa fara aikin alheri wata yana ciki.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne manhaja biyu su ba da buruji biyu a dare ɗaya. Ba lalacewa suka yi ba. Tsarin Turai yana fara ƙirga Hamal daga ranar da dare da yini suka daidaita a watan Maris. Tsarin Indiya yana ƙirgawa daga ainihin taurarin sama. Tazarar da ke tsakaninsu yanzu kusan digiri 24 ce, kenan a mafi yawan lokuta tsarin Indiya zai nuna burujin da ke baya. Jadawalan aikin kyandir kusan duka a kan tsarin Turai aka gina su. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai, kada a ɗauki buruji daga wancan a ɗauki ma'anarsa daga wannan.

Masu son zurfafawa suna ƙarawa da manzilolin wata 28, kowanne digiri 12 da minti 51, waɗanda suka shiga Turai da sunayensu na Larabci. Su ne dai waɗanda masu lissafin taurarin damina ke ƙirgawa a ƙasar Hausa, sai dai can tafiyar rana ake bi a cikinsu, kwana 13 kowanne, nan kuwa tafiyar wata, kusan kwana ɗaya kowanne. Yawancin masu kyandir ba sa kaiwa nan.

Tafiyar wofi

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi soke ranakun da aka riga aka zaɓa. Yayin da wata ke ratsa buruji yana yin abin da suke kira kallo da sauran taurari, wato ya kasance digiri 0 ko 60 ko 90 ko 120 ko 180 daga ɗayansu. Daga lokacin da ya yi kallonsa na ƙarshe a cikin burujin har ya shiga na gaba, ana cewa yana tafiyar wofi, kuma imaninsu shi ne abin da aka fara a lokacin ba ya zuwa ko'ina. Wani lokaci minti kaɗan ne, wani lokaci ya wuce yini guda. Ba a lissafa shi da ka, daga jadawali ake karantawa, kuma kullum a ƙarshen buruji yake faɗowa. Don haka duk ranar da aka ga wata ya wuce digiri 20 na buruji, a duba sosai.

Jadawalai kan saɓa a nan ma, saboda wasu na ƙirga Uranus da Neptune da Pluto, wasu kuma taurari bakwan gargajiya kaɗai, wato Rana da Wata da Uɗarid (Mercury) da Zuhura (Venus) da Marrih (Mars) da Mushtari da Zuhal, wanda ke sa wofin ya fi tsawo. William Lilly, masanin taurari na Ingila, ya rubuta a 1647 cewa ko a cikin wofi wata yana ɗan yin aiki idan yana Saur ko Saraɗan ko Ƙaus ko Hutu. Masu aiki da dama na riƙe da wannan rangwamen.

Rana da sa'a

Kowace rana da tauraronta. Lahadi ta Rana ce, don nasara da muƙami da lafiya, da kyandir ruwan zinariya ko rawaya. Litinin ta Wata, gida da haihuwa da mafarki, fari ko ruwan azurfa. Talata ta Marrih, ƙarfi da kare kai, ja. Laraba ta Uɗarid, karatu da ciniki da tafiya, rawaya ko ruwan lemo. Alhamis ta Mushtari, arziki da shari'a da samun shiga wurin manya, shuɗi ko shunayya. Juma'a ta Zuhura, wato Zara matar wata, soyayya da ado da sulhu, kore ko ruwan hoda. Asabar ta Zuhal, ɗauri da iyaka da kawo ƙarshen abu, baƙi. Launukan na canzawa daga gida zuwa gida. A Hoodoo kore na kuɗi ne ko wace rana ce, kuma kowa ya yarda fari yana tsaya wa kowane launi idan an rasa.

Sa'ar tauraro ba sa'ar agogo ba ce, kuma a nan ne biro ke aiki. Ana nemo lokacin fitowar rana da faɗuwarta na garin da ake ciki a ranar da ake so, da fitowar ta gobe. Daga fitowa zuwa faɗuwa a mayar da shi minti a raba gida 12, wannan ne tsawon sa'ar yini. Daga faɗuwa zuwa fitowar gobe a raba gida 12, wannan ne tsawon sa'ar dare. Sa'ar farko bayan fitowar rana ta tauraron ranar ce, sauran kuma su bi wannan jeri suna zagayowa: Zuhal, Mushtari, Marrih, Rana, Zuhura, Uɗarid, Wata. Jerin daga mafi nawar tafiya ne zuwa mafi sauri, ba jerin ranakun mako ba, kuma cakuɗa su biyun kuskure ne da ake yawan yi.

A ce ranar Alhamis ce, rana ta fito ƙarfe 7:00 ta faɗi ƙarfe 5:00, kusa da abin da ake samu a Landan a tsakiyar Fabrairu. Yini minti 600 ne, sa'arsa minti 50. Dare minti 840, sa'arsa minti 70. Mushtari ya ɗauki 7:00 zuwa 7:50, Marrih zuwa 8:40, Rana zuwa 9:30, Zuhura zuwa 10:20, Uɗarid zuwa 11:10, Wata zuwa 12:00, Zuhal zuwa 12:50. Mushtari ya dawo 12:50 zuwa 1:40, a ci gaba har Uɗarid ya rufe yinin ƙarfe 5:00. Daga nan sai a koma minti 70: Wata 5:00 zuwa 6:10, Zuhal zuwa 7:20, Mushtari 7:20 zuwa 8:30 na dare, sannan ya sake dawowa 3:30 zuwa 4:40 na asuba. Tauraron rana kullum sau huɗu yake fitowa, a sa'a ta 1 da ta 8 da ta 15 da ta 22. Hanyar gwada ko lissafi ya yi daidai ita ce a ƙirga har sa'a ta 25. A nan Zuhura za ta fito, kuma gobe Juma'a ce. Idan wani tauraro dabam ya fito, an tsallake ɗaya a hanya.

Tsawon sa'ar yana canzawa ƙwarai a ƙasashen sanyi. A Landan a ƙarshen Disamba sa'ar yini ba ta kai minti 40 ba, a ƙarshen Yuni kuma ta haura minti 80. A garuruwa irin su Kano ko Damagaram ba ta nisa da minti 60 duk shekara. Saboda haka jadawalin da aka buga don wani gari ba ya amfani a wani, na makon jiya ma ba ya amfani yau.

Ranar taurari daga fitowar rana take farawa, ba daga sha biyun dare ba. Ƙarfe 3:30 na asubahin Juma'a a agogo, a wannan lissafin Alhamis ce har yanzu. Bahaushe yana da ƙarin tarko a nan, don abin da yake kira daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis, alhali littafin Bature idan ya ce a yi aiki daren Juma'a yana nufin bayan faɗuwar ranar Juma'a. Jerin sa'o'in bai canza ba, sunan daren ne ya bambanta.

Sai batun agogon ƙasa. Yawancin jadawalan taurari da agogon Greenwich ake rubuta su, littattafan Amurka kuma da agogon gabashin ƙasar ko na yammacinta. Ingila na ƙara sa'a ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa ta farko a Nuwamba. Najeriya da Nijar suna gaba da Greenwich da sa'a ɗaya duk shekara, Gana kuma daidai take da shi. Kuskuren sa'a ɗaya ya isa ya jefa mai neman Mushtari cikin sa'ar Zuhal ko ta Marrih, waɗanda su ne maƙwabtansa ta kowane gefe, kuma su ne biyun da aka fi gudu.

A Hoodoo akwai hanya mafi sauƙi da wasu ke bi maimakon duk wannan: kallon hannun agogo. Idan dogon hannu yana hawa, daga rabi zuwa cikar sa'a, lokacin jawowa ne. Idan yana gangarowa, na korewa.

Haɗa su wuri ɗaya

A ce wani a Landan yana neman ƙarin girma a wurin aiki, kuma an haifi sabon wata a ranar Litinin ƙarfe 9:00 na dare a digiri 25 na Dalwu. Jawowa ne, na Mushtari ne, kenan Alhamis. Wata zai cika wajen Talatar mako biyu masu zuwa, don haka Alhamis biyu ce a cikin ƙaruwa. A safiyar ta farko sa'a 58 sun wuce, wata ya yi tafiyar kamar digiri 32, yana wajen digiri 27 na Hutu. Hutu gidan Mushtari ne, abu ya yi kyau, amma ƙarshen buruji ne, mai yiwuwa wata yana wofi, sai wanda ya yarda da rangwamen Lilly. Da dare ya shiga Hamal, wanda bai dace da buƙatar sosai ba. A Alhamis ta biyu da safe yana ƙarshen Jauza, wofin dai ake tsoro. Amma zuwa sa'a ta 15 ya shiga farkon Saraɗan, gidansa, kuma burujin da Mushtari ke ɗaukaka a ciki, ga shi saura kwana biyar ya cika. Wannan ce sa'ar da mai lissafi zai zaɓa. Sai ya sake lissafa sa'o'in da fitowar ranar wannan Alhamis ɗin, ya kuma tabbatar da digirin a jadawali, domin gudun wata yana canzawa tsakanin kusan digiri 12 zuwa 15 a yini, kuma a kwana goma bambancin na iya taruwa ya kai kimanin sulusin buruji.

Ba kullum ake dace haka ba. Taura biyu ba ta taunuwa, sau da yawa rana ta yi buruji bai yi ba. Tsarin fifikon da aka fi bi shi ne ƙaruwa ko raguwar wata a gaba, sai kauce wa wofi da husufi, sai sa'a, sai rana, buruji a ƙarshe. Dalilin sa sa'a gaba da rana shi ne kowane tauraro yana samun sa'a uku ko huɗu a kowace rana, don haka wanda Alhamis ta kuɓuce masa yana iya ɗaukar sa'ar Mushtari ranar Lahadi. Uɗarid kan yi kamar yana komawa baya sau uku ko huɗu a shekara, kusan mako uku kowane karo, kuma a lokacin akan ɗage aikin yarjejeniya da tafiya. Zuhura na yin haka kusan kwana 40 duk bayan wata 19, sai a ɗage na soyayya. Ba a ɗage komai da komai saboda su, wanda ya yi haka zai shekara yana jira.

Kyandir da tsawon cinsa

Sa'ar tauraro gajera ce, kyandir kuma ba ya sauri don an matsu. Ƙa'idar ita ce kunnawa ce ke ƙirguwa. Duk shiri a gama shi kafin sa'ar ta shiga, a kyasta ashana bayan minti biyar da shigarta don kauce wa kuskuren agogo, ko da kyandirin zai ci gaba da ci bayan ta wuce. Ƙaramin siririn kyandir mai tsawon santimita 10 kan ci kusan sa'a biyu, shi ne aka fi amfani da shi. Ɗan mitsitsin da ake cakawa a kek ba ya wuce minti 15, yana isa ga wanda yake son komai ya ƙare a cikin sa'ar. Mai gwangwanin alminiyam kan kai sa'a huɗu. Na kwalba mai tsawo kan yi kwana biyar zuwa bakwai.

Aikin kwana bakwai sai an ƙirga shi daga ƙarshe. Idan na jawowa ne dole ya ƙare kafin wata ya cika, kenan kada a fara bayan kwana na bakwai da haihuwar wata. Akan raba dogon kyandir gida bakwai da allura ko da zane, kullum a ci kashi ɗaya. Sa'ar tauraron ba za ta faɗo lokaci ɗaya a agogo kowace rana ba, don haka ko dai a lissafa bakwai ɗin duka tun farko, ko a riƙe sa'ar ranar farko kawai a ci gaba da kunnawa a lokacin agogo ɗaya.

Shirin kansa kaɗan ne. Akan zana buƙatar a jikin kakin da tsinke ko ƙusa, a shafa mai ɗigo biyu ko uku, man zaitun ma ya isa. Wasu na shafawa daga sama zuwa ƙasa don jawowa, daga ƙasa zuwa sama don korewa, wasu daga tsakiya zuwa bakin biyu. A datse lagwani ya rage milimita 6. Idan za a barbaɗa ganye, abin da yatsa biyu suka ɗauka ya isa, a niƙe shi lukui, a nisanta shi da lagwani.

Masu aikin na karanta wutar: baƙin hayaƙi a kwalba cikas ne, wuta mai tsalle gardama ce, mutuwar wuta ƙin amsawa ne. Kafin a kai ga fassara, kusan kowanne yana da dalilinsa a fili. Dogon lagwani ne ke kawo baƙin hayaƙi. Iskar taga ko fanka ce ke sa wuta rawa da kaki zuba gefe ɗaya. Mai da ya yi yawa ko garin ganye da ya toshe lagwani ne ke kashe wuta. Kyandir mai kauri da aka kashe tun samansa bai narke har gefe ba zai riƙa cin rami a tsakiya har ya nutsar da lagwaninsa. Kwalba kan fashe idan lagwani ya karkata yana lasar gilashi, ko ganye ya kama ya zama lagwani na biyu, ko aka bar ta ta ci har gindi, shi ya sa ake kashewa idan kaki ya rage kamar santimita ɗaya.

Sa'a ta 22 ita ce mafi hatsari, domin can wajen ƙarshen dare take faɗowa, mutum ya kunna barci ya kwashe shi. A dasa kyandir a mazauninsa, a ɗora a faranti na ƙarfe ko tangaran mai yashi a ciki, aƙalla santimita 30 daga labule da takarda, santimita 8 tsakanin kyandir da kyandir. Takardar buƙata ƙarƙashin farantin take zama, ba ƙarƙashin kyandir kai tsaye ba. Idan za a fita ko za a kwanta a kashe, yawancinsu da ɗan murfin ƙarfe suke kifewa maimakon hurawa, sannan a sake kunnawa a sa'ar tauraron ta gaba. Idan kaki ya kama da wuta a rufe shi da murfin tukunya. Ruwa yana sa narkakken kaki ya fantsama da wutarsa.

Ragowar kaki ma da lokacinsa. Na aikin jawowa akan naɗe shi a ajiye a gida ko a binne a harabar gida kafin wata ya fara raguwa. Na korewa a fitar da shi daga gidan a ranar, a jefar nesa. Masu aiki da yawa suna da littafin da suke rubuta ranar da sa'ar da burujin da digirin wata da tsawon lokacin da kyandirin ya ci, tare da sunan jadawalin da aka yi amfani da shi da agogon da aka rubuta shi da shi.